Aljanin Rijiya da Kazar Zinariya

Malam, don Allah ka taimake ni kafin Asabar. Ni malamin makaranta ne a Gagarawa. Wani abokina da ya dawo daga kos a Ingila ya ara mini ƙaramar kyamarar silima, tun ran nan kaina bai zauna ba. So nake in ɗauki aljani yana fitowa cikin hayaƙi daga busasshiyar rijiyar bayan gari, in haska wa mutane a majigi.

Dogo, ƙanen matata Zinariya, shi ne aljanin. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Dabarata ita ce a zura kaskon garwashi da kashin shanu ƙasa, Dogo ya tsuguna kusa, sannan a jawo shi da igiya. Jiya na gwada da kazar Zinariya a kwando. Hayaƙi kam ya yi kyau, amma kazar ta fito a mace, alhali ko gashinta bai ƙone ba. Abin ya ɗaure mini kai. Me ya kashe ta? Zinariya ta ce aljanin gaske ne ya fusata, ta daina kula ni. Dogo kuwa dariya ya yi, wai shi ba kaza ba ne. Af, da me kuma ake jinin silima?

Mai Kyamara, Gagarawa

Mai Kyamara, son saninka ya burge ni, amma kada Dogo ya shiga rijiyar nan. Ba aljani ya kashe kazar ba. Garwashi yana cinye iskar da muke shaƙa, ya saki guba, a rami kuwa ba ta da mafita. Dogo ya sani sarai. Tambaye shi me ya sa mahaƙa suke zura fitila cikin tsohuwar rijiya, in ta mutu su fasa shiga.

Rufe bakin rijiyar da itatuwa, ka ajiye kaskon a waje ta bayansa. Kafa kyamara a kan turmi kada ta motsa. Ɗauki wurin ba kowa, ka tsayar da kyamarar, Dogo ya shigo cikin hayaƙin, ka ci gaba da ɗauka. A majigi sai a ga ya ɓullo kawai. Shafa masa jiƙaƙƙen garin gero a fuska. Jini kuwa zoɓo ne da ɗan kamu.

Zinariya ta yi kuskure game da aljani, amma fushinta yana kan hanya. Ran Alhamis je kasuwar Maigatari ka samo mata kaza. Kaza tana nan birjik a can, ƙane ne ba za ka samo mata ba. Allah ya ba da sa'a.