Jar hular Baba Sanda

Tamaske, daren Alhamis

Yau Kaka ta yi sadakar babanta kamar kowace shekara. Shi da samarin garinmu Faransawa suka kwasa soja, suka tare Jamusawa lokacin da suka afka ma Faransa da tankoki. Da yawa can suka kwanta. Shi ya dawo da jar hularshi da kunne ɗaya da ba ya ji.

Ni na yi mishi karatu tun hantsi har muryata ta dushe. Amma da aka fiddo hular daga adaka, kan Baba Ƙarami aka ɗora ta, ɗan kawuna, wanda ko Fatiha sai ya yi tuntuɓe. Wai don shi ya ci sunan tsohon.

Na ce, "Kaka, wannan sojan naki ko zakara ya taso mishi sai ya ruga ɗaki."

Ta ce, "Rufe mini baki, mijin banza. Ubana kake zagi?"

Da kwaɗo na zo cikin aljihu, niyyata in sa shi cikin hular. Sai na ga Kaka ta durƙusa gaban yaron tana hawaye, tana cewa, "Baba, ka sha sanyi can, ko?" Na zagaya bayan rumbu na saki kwaɗon.

Amma har yanzu abin na cina. Ni ma jininshi ne. In Allah ya ba ni ɗa namiji, Sanda za a raɗa mishi, mu gani in hular ba ta kwana gidana ba.