Ba Mu Haye Ba Tukuna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da 'yan makarantar nan taki da kike firgitawa da kallo ɗaya.

Na ɗauko biro ne saboda a waya ba a iya miki. Da na ambaci Inna sai ki ce za ki shiga aji, ko da ranar Lahadi ce. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki kashe ta.

Jikin Inna da sauƙi, tana ci tana barci. Mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Yanzu ni direba ne a wajenta. In na dawo daga shago na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa da mutunci, ta ce wa matata, "A ba direba ruwa, ya sha hanya." A gabanta dariya nake yi, amma in na koma shago sai na sa fankar mutane a gaba na kasa kwance ko noti ɗaya. Uwar da ta haife ka tana yi maka karar baƙo, Yaya, abin da ciwo.

Abu ɗaya ne bai goge mata ba, garinmu na bakin kogi. Kullum tana ninke zannuwanta, wai za ta koma, ta bar shanya a waje, kuma Baba ya kusa tashi daga aiki a gidan ruwa. Shi ya sa na yanke shawarar kai ta a farkon watan gobe. Mu tafi Asabar, mu kwana, mu juyo Lahadi. An ce yanzu an yi gada, mota har cikin gari. Fatana in ta ga ƙofar nan tamu mai shuɗin fenti, ta waiwayo ta gane ni ko da sau ɗaya ne.

Ki zo mu tafi tare. Zumunci a ƙafa yake.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa lafiya. A gaishe da matarka da ɗawainiya, Allah Ya saka mata da alheri.

Ba zan ɓoye maka ba, shawarar nan ba ta kwanta mini ba. Tun kana ƙarami haka kake, duk abin da ya lalace sai ka buɗe bayansa wai za ka gyara. Inna ba rediyo ba ce. Rabonmu da garin nan tun rasuwar Baba, lokacin ko wandonka ba ka iya ɗaurewa da kyau ba. In ta je ta tarar babu gidan fa? In ta tambayi Baba wani mai saurin baki ya ce mata ya rasu, ta buɗe sabon kuka, wa zai rarrashe ta?

Kada ka ɗauka zuciyata dutse ce, ni ma ina tuna garin. Ina tuna ƙarar injin gidan ruwa da ke tashinmu da safe, da yadda Baba yake dawowa hannunsa duk baƙin mai ya ce kowa ya kawo kumatunsa. Ina tuna Inna a kan matakalar simintin nan ta bakin ruwa tana wanki, tana ƙwala maka kira, "Kwaɗo, fito!" Ni kuwa ina can kan tudu riƙe da takalman kowa. Mage take ce mini, don ko yayyafi ba na so ya taɓa ni. Ka bar mini garin yadda yake a kaina.

Batun zuwa kuma, ka san dalili. Zuwana na ƙarshe na zauna kusa da ita, na kama hannunta, ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da muka rasa Baba. Ba zan iya sake jin tambayar nan ba. Ka kira ni matsoraciya in ka so, dama sunan ba sabo ba ne.

In ka nace sai ka je, ka tafi da maganinta da bargo. Kuma kada ka kuskura ka kai ta kusa da ruwa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mun je mun dawo lafiya, ni da Inna da matata. Ki nemi wuri ki zauna, labarin da tsawo.

Ranar Asabar da muka isa, maganarki ta tabbata, na yarda. Gadar can sama take da gari, saboda haka titin ta baya yake shigowa, ta tsakanin gidan mai da shagunan waya. Ni kaina ban gane komai ba, sai da na yi ta tambaya kamar baƙo. Gidan ruwan yana nan amma an kulle shi, ciyawa ta cinye harabar. Gidanmu kuwa wani tela ne a ciki, ƙofar ta koma koriya. Mutumin kirki, ya kwashe yadudduka ya ba Inna kujera a daidai inda gadonta yake a da.

Ta zauna a ɗofane, jakarta a cinya. Na nuna mata tagar, na nuna mata ƙusar da Baba yake rataye hularsa, har yanzu tana bango. Ko kallo ba ta yi ba. Sai ta ce, "Direba, yaushe za mu haye?"

Na ce, "Inna, ai mun iso. Nan ne gidan."

Ta ce, "Ba mu haye ba tukuna."

Haka muka wuni. Na kai ta kasuwa, na kai ta ƙofar makarantarmu, maganar dai ɗaya. Da yamma a masauki har ta fusata, ta ce wa matata direban nan bai san hanya ba. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na ce gari na wayewa za mu kama hanyar gida.

Da safe na sauka matakalar simintin ni kaɗai don in yi wa kogi sallama. Ya rage faɗi, ko kuma ni ne na girma. Ina zaune sai ga kwale-kwale daga wancan gefen, cike da mata da kwandunan kayan lambu. Nan take abin ya faɗo mini. Yaya, mu da muka tashi a garin nan mun taɓa shigarsa ta baya? A wancan gefen mota take sauke mu, mu hau jirgi. Garin da Inna ta sani daga kan ruwa yake farawa. Da na gaya wa matata sai ta ce, "Tun jiya tsohuwa take faɗa maka, kai ne mai taurin kunne."

Na san abin da kika ce game da ruwa. Ki yi mini faɗan daga baya.

Muka sake bin gadar, muka gangara tsohuwar hanyar ƙasa har mashigi. Matuƙin jirgin wani dattijo ne mai furfura. Ya shimfiɗa wa Inna bargon da kika ce a tafi da shi, ina ta fargabar yadda za a shigar da ita, sai kawai ta tattare zanenta ta taka tsakiyar jirgin, ta fi ni iyawa.

Da muka kai tsakiyar ruwa garin ya fara fitowa yadda muka san shi. Tankin ruwa ne farko, sai rufin gidan injin, sai mangwaron nan da ya karkace, sai matakala. Inna ta miƙe zaune. Ta nuna da yatsa ta ce, "Ga tanki can. Babanku ya sake barin tagar ofis a buɗe."

Babanku ta ce, Yaya. Na kasa kallonta, sai na sunkuya na tsoma hannu a ruwa don kada ta ga idona. Ban ankara ba na ji an damƙi bayan rigata.

"Kwaɗo, zauna! Kai ba ka ganin ruwa ka ƙyale?"

Na zauna, ni da furfurata. Ba ta saki rigar ba. Matata ta juya mana baya tana share fuska, matuƙin ma ya sassauta tuƙi. Can Inna ta duba gaba, ta duba baya, ta ce, "Ina Mage? Kun sake barinta a tudu da takalma ko?"

Na ce kina tafe.

Ta ce, "Ba za ta zo da kanta ba, tsoro take ji. Ku koma ku ɗauko ta. Ta zauna a tsakiya kusa da ni, ta rufe ido, ni zan riƙe ta."

Muka yi ta hayewa muna dawowa har rana ta yi zafi. Ba zan yi miki ƙarya ba, kafin mu iso gida na koma direba, har ta yaba mini da tuƙi. Amma yanzu in ta ce a ba ni ruwa, karɓa nake in sha da daɗi.

Saƙon da ta ba ni ke nan, na isar.

Ƙaninki,
Kwaɗo

*

Kwaɗo,

Wa alaikumus salam. Faɗanka yana nan a ajiye, ban yafe ba.

Ina tafe Juma'a da yamma. Asabar mu tafi, kuma kada ka shiga da mu gari ta gada, mashigi za mu nufa. Na sani, mai yiwuwa ko a kan ruwan ta ce mini baiwar Allah. In ta faɗa, zan gaya mata daga inda nake.

A bar mini wuri a tsakiya. Takalmanku kuma kowa ya riƙe nasa.

Yayarka,
Mage