Lamba Suka Ba Shi

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gajiya, ya iyali? Ya ƙafar Inna? Mu nan Zango lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Tun da maigidana Baban Sadiya ya faɗo daga gini lakarsa ta taɓu, masu bincike na asibiti suka sa shi a rajistar masu irin ciwonsa. Suka rantse sunansa ba zai fita ba, lamba za su ba shi.

Jiya suka zo. Yaya, a tsakar gidan haya suka zauna! Tafintansu ya ɗaga murya: yana riƙe fitsari? Yana iya kusantar iyalinsa? Maƙwabta masu dakan fufu suka tsaya cik.

Na ce, "Ku shiga ɗaki mana!"

Likitarsu ta kira ni Maame, yadda ake kiran mata a nan, ta ce, "Kada ki damu, lamba kawai muke rubutawa."

Lamba! Wa ke kiransa da lamba a gidan nan? Yau ya hana ni tura kekensa na guragu ko zuwa bakin ƙofa.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan a tsakar gida.

Ƙanwarki,
Hajara