Japa Ba Ci-rani Ba Ce

Laraba da dare, Haɗejiya

Ko tuwo na kasa ci. Ɗazu na ga mijina ya rubuta "japa" a shafinsa, har da hoton jirgin sama. Na tambayi Iya Bayarabiya mai shago, ta ce kalmarsu ce, wai mutum ya tsere ba waiwaye. Yanzu haka samari ke kiran barin ƙasa a waya.

Da na tare shi sai ya yi dariya. "Haba Maman Ummi, ci-rani ne kawai, tunda ambaliya ta cinye shinkafar."

Na san ci-rani, Babanmu da ruwan farko yake dawowa. Amma mai niyyar dawowa ba ya rabuwa da injin ban-ruwansa. Sau biyu ina leƙa zaure inda yake ajiye nasa, injin ba ya nan.