Tsumman Rawaninka a Wuyan Tiyo

Zuwa ga Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba mai kai maka ita. Ko da kana raye ma ba ka karanta boko, ni kake miƙo wa ka ce ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ya karanta, sannan ka kafe ni da ido kamar zan cinye rabin maganar a hanya. To yau ni zan kafe ka da ido, Yaya.

Gida lafiya. Mariyama ta fita takaba. Ƙaramar 'yarka ta fara tafiya, tafiyarka take yi sak, ƙirji gaba kamar mai zuwa faɗa. Gero ya yi kyau a gonar da ke garin Dogo. Nasara sun sauke tutarsu an ɗaga tamu, waɗanda muka sani suna riƙe wa kumandan jaka yanzu su ake riƙe wa. Ruwa dai yana nan yadda ka bar shi, mulkin kai bai ƙara ko guga ɗaya a rijiyoyin Birni ba.

Lawali kuma, tsohon direbanka, yana tasha, yana dakon buhunan gyaɗa. Shi na zauna in rubuta maka a kai.

Shekara uku ke nan ba wanda ya miƙa masa makullin mota a garin nan. Wa zai ba shi? Kai da bakinka, a tsakiyar tasha, ka ce shi ke kwance ƙasan lagireto yana zubar da ruwan motarka don injin ya ƙone. Ka ce abokan gabarka na cinikin gyaɗa sun saye shi, shi ya sa motar ta tafasa a hanyar Dogo ranar buɗe ciniki har wasu suka riga ka kwashe kaya. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, ka ce ba ka ɓata Alƙur'ani da hannun maci amana. Mutumin da ya yi maka tuƙi tun kana hayar kamiyo, babbar motar kaya. Yanzu bayansa ya fara rankwafawa, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Motar tana zaure inda ka bar ta. Dangi sun ce a tashe ta kafin a raba gado, kuma tunda ni ne mai yawan baki, ni aka ɗora wa. Na cika ta da ruwa, na je Mirriya na dawo, na buɗe murfi: ruwa ya sauka da tsawon yatsa. Na tsaya ina kallon ramin nan. Lawali yana tasha da buhu a ka, makulli yana aljihuna. To wa ya sha?

Ka san halina, ban yarda da kowa ba, har da mota. Ban kai ta garaji ba, don makanike in ya ga motar marayu sai ya gano mata ciwo goma. Na share zaure, na shimfiɗa yashi sabo a ƙarƙashinta, na bar ta yini guda. Ko ɗigo babu. Na zaro sandar gwada mai in ga ko ruwa ya shiga cikin inji, don direbobin Kano sun ce in ya shiga, man yakan koma kamar shayi da madara. Baƙi ne wuluk. Na tashe ta na tsuguna a bayanta ina kallon bututun hayaƙi, babu farin hayaƙi. Na bi tiyo na sama da na ƙasa ina matsawa, na shafa ƙarƙashin famfon ruwa, na sauya robar murfi. Ruwa ya ci gaba da tafiya. Har na fara zargin maƙwabta, na ɗaura zare a kan murfin injin don in gane ko ana buɗewa. Zare bai motsa ba. Kwana uku ina yi wa Malam Zabairu na gefenmu kallon ɓarawo, bawan Allah yana gaishe ni yana mamaki.

Abin da ya tona asirin, wata safiya ce na tashe ta na zauna a ciki har ta yi zafi, sai na ga gilashin gaba yana zufa ta ciki, daga ƙasa, ɓangaren da kake zama. Na ji wari kamar na tsohuwar randa. Na ɗaga buzun da kake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙafarka, na ɗaga robar da ke ƙasansa. Ƙarfen ya yi tsatsa ja, har ya huje, huda kamar ta shigar yatsa. Ta nan ruwan ke bi ya zuba a hanya, sai mota ta yi zafi tana tafiya. Shi ya sa bai taɓa ɗiga a gida ba.

Na koma wajen inji na ga wasu siraran tiyo biyu sun ratsa bango sun shige cikin mota. Duk shekarun nan ina ganinsu ban taɓa tambayar inda za su ba. Na taɓa ɗaya, ya ƙona ni. Na taɓa ɗayan, sanyi ƙalau. Ruwa yana shiga, ba ya fita. Ashe Nasaran da ya sayar maka da motar bai gaya maka tana da ɗan ƙaramin lagireto na biyu a ɓoye ba, can bayan allon da ke gaban mai zama. Shofaj suke ce masa. Aikinsa ya hura wa mutum zafi a ƙafa, saboda sanyin ƙasarsu. Murhu a cikin mota, a Damagaram! Wa zai yi tunanin neman wannan?

Yini biyu na yi ina kwance shi. Na tsiyaye ruwan a kwano, don ba a zubar da ruwa a garin nan, ko na mota ne. Na kwanta rigingine ƙafafuna a kan kujera, kaina a inda kake ajiye takalmi, ina kwance kusoshi ina jera su a faifai bi da bi don kada in manta gidan kowanne. Da na zaro shi, nauyinsa ya ba ni mamaki. Na hura ta baki ɗaya, iska ba ta fita ta ɗayan ba. Wuyansa ya ci, ya tsage. Na zura waya na ƙwaƙulo abin da ya toshe shi, wani abu kore-kore, ya daskare da farin gishirin ruwan rijiya.

Na san abin nan, Yaya. Ban buƙaci in shinshina ba. Garin kuka ne, kuma ni na zuba.

Ka tuna da ka tafi Kano ka bar mini makulli ka ce kada in taɓa ta? Na taɓa ta. Na kai ta Takieta ɗaurin aure, don a gan ni, ni Habu, a mota. A hanyar dawowa babban lagireto ya fara tsatsafo, wani mai kamiyo ya ce in zuba kuka, tana yin yauƙi ta liƙe huda. Ya ce cokali biyu. Ni da nake ganin na fi kowa wayo na zuba tafi biyu. Ta liƙe babban, ta wuce ta cika ƙaramin, wanda hanyoyinsa ba su fi tsinke ba. Da kake zagin Lawali a tasha ina tsaye a bayanka. Ban san shofaj ba a lokacin, wannan gaskiya ne. Amma na san na zuba wa motar abin miya, kuma zuciyata ta gaya mini. Na yi shiru. Ba shiru kaɗai ba, har na ce na taɓa ganinsa yana shan shayi da abokan gabar nan naka. Wa bai taɓa shan shayi da su ba? Ni ma na sha.

Wannan nawa ke nan. Saura naka.

A wuyan tiyon da ya tsage, can ciki inda sai mutum ya kwanta ya zura hannu har kafaɗa, na tarar an naɗa tsumma an ƙulle. Ba aikin Nasara ba ne. Baƙin turkuɗi ne, yage daga bakin rawani, kuma ƙullin irin wanda kake yi wa bakin buhu ne, sau biyu sannan ka soke. Lawali ba ya naɗa rawani. Ni ban taɓa sa hannu a wurin ba. Ban da mu uku ba wanda ya taɓa riƙe makullin.

Ashe ka sani. Ka ji danshi a ƙafarka, ka bi shi, ka gano inda ruwan ke fita, ka ɗaure, ka mayar da buzu ka rufe. Abin da ke hana ni sakat shi ne, yaushe? In bayan ka kore shi ne, to na gane: ka riga ka yi magana a gaban mutane, kuma kai ba ka iya janye magana ba ko da wuta za ta ci ka. In kuwa kafin ka kore shi ne fa? A shekarar gari ya rabu biyu kan ƙuri'a, shi yana can ɓangaren, kai kana nan. Ko dama hanyar rabuwa da shi kake nema, ruwa ya ba ka? Shin da kake zaginsa a tasha, rawanin da ke kanka ya riga ya rasa bakinsa?

Na tambayi Mariyama yaushe ta kalmashe bakin baƙin rawaninka. Ta ce ta manta. Matar da ta san ranar da kowace kaza ta fara ƙwai a gidan nan. Ta ce in bar mamaci ya huta, ta shige ɗaki. Ban sake tambaya ba.

Motar na gyara ta. Da na so, sai in haɗe tiyo biyun da juna in rabu da murhun gaba ɗaya, amma kayan marayu ne, na ga gara ta koma yadda take. Na samo wani a jikin irinta da ta kife kusa da Takieta, na wanke shi har ruwa ya fito fari, na ɗaura, na cika ta sannu a hankali ina matsa tiyo don iska ta fita. Sati biyu yanzu ruwa bai sauka ba. Duka tiyon suna zafi. Na kunna abin sau ɗaya, ya gasa mini ƙafa, na kashe.

Tsohon shofaj ɗin yana cikin buhu a ɗakina, da tsummanka. Sau biyu na kai tsumman bakin murhun girki don in ƙona shi. Ai da sauƙi: in kai ƙarfen tasha, in ce kuka ce, ni na zuba, Yaya Sani ya rasu bai sani ba. A wanke Lawali, a zage ni kwana biyu, sunanka ya zauna fari. Na iya irin wannan ciniki, kowa ya tafi yana ganin ya yi riba. Amma mutumin nan hakkinsa biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyanka, kuma ba zai yafe abin da bai san an yi masa ba. In na ƙona tsumman, ni na huta, kai na bar ka da kayanka a inda ba ka iya saukewa.

Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan tsaya a tasha, daidai inda ka tsaya, in faɗi nawa da ƙarfi kowa ya ji. Naka kuwa ba zan yi shelarsa ba, ba kuma zan ɓoye shi ba. Zan bi Lawali gida in sa masa tsumman a hannu, ba tare da na kwance ƙullin ba. Ya san ƙullinka fiye da ni. In ya ga dama ya kai tasha ya nuna, ba zan ƙaryata shi ba. In ya yafe maka, za ka ji sauƙin a inda kake kafin ni in ji labari. In ya ƙi, Yaya, ba ni da bakin roƙonsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe mana ni da kai. Sai na zo.

Ƙaninka da ya tsaya a bayanka ya yi shiru,
Habu