Littafin Baba Direban Jirgi

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Jikin Baba ya ƙara tsananta, daga gado sai kujerar bakin taga. Jiya sau uku yana tambayata, "Ina littafin da yayanki zai rubuta a kaina?" Shekara shida ke nan da ka zauna da shi, ya ba ka labarin zamanin da yake tuƙa jirgin ƙasa. Don Allah ka aiko da abin da ya samu in karanta masa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga saƙonki. Allah ya ba Baba lafiya.

Littafin bai nuna ba tukuna. Shekara ashirin ina gyara rubutun mutane a maɗaba'a, na san mummunan rubutu in na gan shi, nawa kuwa mummuna ne. Shafin farko kaɗai na sake shi ya fi sau arba'in. Kullum in zauna, in ja layi, in yage. Baba ya fi ƙarfin wannan shirme. Ki ba ni wata uku.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama.

Wata uku? Yau da safe na kai masa magani, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, 'yar wane gida ce ke?" Ni da nake wanke masa ƙafa kullum. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo.

Ba malaman jami'a ne za su karanta ba. Tsoho ne yake son ya ji rayuwarsa kafin ta gama zube masa.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ga shafi goma sha ɗaya, duk goge-goge. Ban sake dubawa ba, don in na duba ba zan aiko ba. Kunya nake ji.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Ranar jana'iza mutane sun yi yawa, ban samu na faɗa maka ba.

Na karanta masa ranar Talata. Da na zo wurin da ruwa ya cinye gada, Baba ya hango ya tsayar da jirgi, sai ya buɗe ido ya ce, "Ba ni na hango ba, mai zuba wa injin gawayi ne. A gyara." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ci gaba." Na juya takardar, babu komai.

Allah ya jiƙansa.

Ƙanwarka

*

Auta,

Amin. Na gyara.

Yanzu kullum ina rubuta shafi biyu kafin in tafi aiki, ba na waiwaya. Na kai shekarar da aka haife ki. Akwai abubuwa da yawa da ban tambaye shi ba.

Yayanki