Buhun da Ya Fito Daga Tasha

Tudun Wada, Zariya
9 ga Zulƙida, 1335

Daga wanka Ɗantsoho baduku zuwa ga ƙanena Kailani a Naraguta. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya sanyin duwatsu, yaya aikin kuza? Mu nan lafiya muke, sai ƙafar Inna da ta saba tashi da damina. Tana gaishe ka, kullum kuwa sai ta tambaya ko jirgi ya zo da labarinka.

Bayan haka, matarka Ishatu ta kai ƙara gaban alƙali ranar Alhamis, mahaifinta Malam Nagoda ne ya raka ta. Ta ce shekara uku ke nan rabonta da kai, tana so a raba auren. Ban ga laifinta ba, kai ma in za ka faɗi gaskiya ba za ka gani ba.

Alƙali ya tambaye ta ko kana aiko da abinci. Sai da ya maimaita, sannan ta ce duk bayan wata biyu ɗan dako kan kawo buhun dawa daga tasha, an kuma ce mata daga wurinka ne. Nan take alƙali ya ce mijin da ke ciyarwa ba a ce ya yasar da iyalinsa ba. Ina zaune a bayan jama'a ina ji.

Ka sani, na sani, ko ƙwaya ɗaya ba ka taɓa aikowa ba. Dawar gonata ce ta Hanwa. Ni nake ɗora ta a jaki in kai tasha, in jira jirgin Bukuru ya tsaya, in ba ɗan dako ya ratso da ita tsakiyar unguwa don kowa ya gani. Na yi ne don Inna ta sami abin faɗa wa maƙwabta, don kuma kada a ce ɗan gidanmu ya gudu ya bar 'yar mutane. Ashe igiya nake ƙara ɗaura mata.

Malam Nagoda bai yarda ba. Ya ce shi tsohon falke ne, ya san ƙasar nan taku, acca ake ci, ina mai haƙar kuza zai samo jar kaura irin ta Zazzau? Saboda haka alƙali ya sa wa'adin wata biyu. Ko ka zo da kanka, ko ni in yi alwala in dafa Alƙur'ani in faɗi inda buhun ke fitowa.

Don Allah Kailani, ka zo, ko ka rubuto mata takardar saki ka huta ta huta. Na ba Mika'ilu mai aikin jirgi wannan takarda, shi zai jira amsarka.

Haza wassalam, ni ne wanka,
Ɗantsoho


Tudun Wada, Zariya
21 ga Zulhajji, 1335

Zuwa ga ƙanena Kailani. Gaisuwa da tambayar lafiyarka. Ina fatan an yi salla lafiya. Mun yi tamu, Inna ta ware maka ƙafar rago ta sa an ƙyafe, tana nan rataye a ɗakinta.

Mika'ilu ya dawo ba takarda, sai saƙon baka. Wai abin da wa ya bayar ƙane ne ya bayar, in rantse kawai. Wai kuma ba za ka saki Ishatu ba, don kada a ce a Tudun Wada mace ta kai ka ƙara ta yi nasara. Sannu da ƙoƙari! Tun muna yara haka kake, ka ɓaro abu ka ruga, ni in tsaya in sha bulalar Baba. Amma wannan karon ba bulala ba ce, Littafin Allah kake so in dafa a kan ƙarya.

Ko ka manta bara da na hau jirgi na same ka? Matar da ta ɗaga mini asabarin ɗakinka, Talatun nan, ta yafa gwadon da Ishatu ta kaɗa zarensa da hannunta ta ba ka guzuri. Na tambaye ka wa ya ɗaura muku aure, ka kasa nuna mini ko limami ko wanda ya ci goro. Ka riƙe hannuna ka ce in rufa maka asiri, da kaka za ka dawo. Kaka ta zo ta wuce, ga wata tana tafe.

Kada ka tsorata, ba zan ambaci wannan a gaban alƙali ba. Na tambayi masana, sun ce sai da shaidu huɗu, in kuwa na faɗa ni kaɗai, bulala tamanin ta ƙazafi a bayana za ta sauka. Ke nan abin da ka yi da Talatu ba zai fitar da Ishatu ba. Hanya ɗaya ta rage mata, wato buhun nan, shi kuwa a bakina yake.

Abin da ya fi cina shi ne Ishatu ba ta sauya mini fuska ba. Kowace safiya sai ta durƙusa ta ce Yaya ina kwana, ta wuce ta gasa wa Inna ƙafa. Ni kuwa sai in dinga kallon fatar da nake yanka. Matata Hajo ma ta gane, dangwarar mini da akushi take yi ta juya.

Saura kwana goma sha huɗu. Ban taɓa tona maka asiri ba, ina kuma tsoron ranar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Ka rufa mini asiri ni ma sau ɗaya.

Wassalam, wanka,
Ɗantsoho


Tudun Wada, Zariya
13 ga Muharram, 1336

Zuwa ga Kailani. Gaisuwa, ina fatan kana lafiya.

Ranar wa'adi na tsaya a tasha har jirgi ya watse, ba ka sauko ba. Na tafi na yi alwala. Da aka ajiye Alƙur'ani a gabana na dafa, na faɗi komai, har jakin da ɗan dakon. Alƙali ya yi mini faɗa a gaban jama'a, ya ce tausayina ya zama zalunci. Ya raba auren. Yanzu Ishatu tana idda a gidan mahaifinta.

Inna ta ji. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta sa an sauke ƙafar ragon nan an ba maƙwabta, kuma tun ranar ba ta ƙara tambayar jirgi ba.

Da Ishatu za ta fita da kayanta, ta ba Hajo buhun a ninke ta ce a kawo mini. A gindinsa akwai maho na baƙin saƙi. Ta ce a gaya wa Yaya ita ta yi wannan mahon da tsohon zanenta, tun kana gida, ranar da aka yi sussuka a Hanwa. Tun buhun farko ta gane dawar wane ne. Hajo ta ce mata, to me ya sa ba ta faɗa wa alƙali ba, ta huta tun tuni? Ta ce ba ita za ta ƙaryata wan mijinta a gaban mutane ba, mutumin da ya ciyar da ita shekara uku.

Ka ji, Kailani. Ni ina rufa maka asiri, ita tana rufa mini, a cikinmu ita kaɗai abin ya ci. Ban san da wane ido zan gaishe ta ba in mun gamu a hanya.

Ga buhun nan na ba Mika'ilu ya kawo maka. Ban zuba komai a ciki ba. Wannan karon dai da gaske ya shiga jirgi.

Wassalam,
Ɗantsoho